Baƙon da Ya Ƙi Tafiya

(Kiɗan buɗe shiri, sai a rage shi a hankali)

Ina gaishe ku, mutanen Unguwan Romi, da na Sabon Tasha, da Television, da Gonin Gora, da Kakuri, har da waɗanda ke kama mu daga tsallaken gada. Wanda akushi ke gabansa yanzu ya yi mini afuwa, don zancen yau ba abokin cin tuwo ba ne.

Ina yaro, akwai gwaggota a nan Romi, mai sito a bayan ɗakinta. Duk yamma za ta ɗebo garin masara ta zuba a rariya ta tankaɗe. Garin ya sauka, abin da ya rage a saman rariya kuwa ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi, da waɗansu baƙaƙen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa. Kashin ɓera ke nan. Wata rana na yamutsa fuska, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ina ruwanka? Ai wuta ba ta barin dafi." Na ce, "To, Gwaggo." A kan tuwo kam ta yi gaskiya, tukunyar da ta tafasa ta kuma turara ba ta barin abu da rai. Sai dai a wannan sito ɗin akwai buhun garin kwaki, wanda mu yara muke ɗiba mu jiƙa da ruwan randa, mu jefa sukari da ƙuli-ƙuli mu sha. Wannan bai taɓa ganin wuta ba tun da ya baro inda aka soya shi. Kuma ɓeran da ya kwana a garin masara, shi ne dai ya kwana a garin kwaki.

To, wannan ɓera, ɗan ina ne?

Kowa zai ce ai ɗan gida ne, tun kaka da kakanni. Ba duka ba. Akwai namu na asali, irin su gafiya da gyazbi, da ɓeran nan mai nonuwa da yawa wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Amma baƙin ɓeran nan mai manyan kunnuwa, wanda wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, mai gudu a cikin silin da dare kamar ana wasan ƙwallo, asalinsa daga wajen ƙasar Indiya ne. Wani ɗan'uwansa mai ƙiba, mai son kwata da bakin ruwa, daga arewacin ƙasar Sin ya taso. Jiragen ruwa suka yi ta yawo da su tashar ruwa zuwa tashar ruwa har suka game duniya. Mutanen Ikko sun ɗanɗana kuɗarsu: daga 1924 zuwa 1931 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta yi ta kisa a birnin. Mu kuma nan, layin dogo ya kai Kano a 1911, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan Kaduna a 1917, tarago ya yi ta sauka da gyaɗa da auduga yana hawowa da kaya. Ɓera ba ya yankar tikiti. Duk inda buhu ya je yana iya zuwa. Masu bincike da suka yi ta ɗana tarko unguwa-unguwa a birnin Yamai sun tarar cewa baƙin ɓera ya fi kafa sansani a kasuwanni da wuraren da manyan motoci ke sauke kaya, yayin da ɓeran gida na asali ke riƙe da sauran unguwanni. Ku dubi hanyar Abuja da ta ratsa ta gefenmu, ku ƙirga tirelolin da ke kwana a bakinta.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon dai rana ta yi tsaka bai bushe ba.

Kuma ba mu kaɗai muke da irinsa ba. A ƙasar Jamus, a 1934, an saki waɗansu dabbobin Amurka da ake kira rakun a bakin tafkin Edersee. Dabba ce mai kamar kyanwa babba, da baƙin zane a fuska kamar ɓarawo ya rufe ido. Yanzu sun yi yawan da maharba kan kashe sama da 200,000 a shekara amma ba su ragu ba, suna shiga lambuna da rufin gidaje, kuma kashinsu na ɗauke da ƙwan wata tsutsa da kan iya kaiwa ƙwaƙwalwar yaro idan ya haɗiye shi da ƙasa ko da 'ya'yan itacen da suka faɗo. A Amurka kuma aladu ne. Mutanen Sifen suka kai su tun 1539, waɗansu suka ɓalle suka koma daji, yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 6, suna tone gonaki, maharba na harbinsu suna ci. Kada kuma mu ce kullum mu ake kawo wa. A 2003 an loda ƙananan dabbobi kusan 800 daga Ghana zuwa jihar Texas, har da gafiya a ciki, wai don a sayar wa masu kiwon sha'awa. Ƙarshenta cutar ƙyandar biri ta ɓulla a jihohi shida. Akwai ma wani ɗan tsibiri a Florida da gafiyarmu ta kuɓuce ta hayayyafa, hukuma ta yi shekaru tana fama da ita. Gafiyar da yaran Romi ke haƙa a bakin rafi, a can ita ce baƙon da ya ƙi tafiya.

(Gajeren kiɗa)

Lassa da ƙyandar biri ƙwayoyin bairos ne, mun sha magana a kansu. Yau kan waɗansu daban nake, tsutsotsi da ƙananan halittu da ni nake kira 'yan ci-ma-zaune. Ba sa noma, ba sa farauta. Su shiga jikin wani su zauna, ya ci su ci. Hikimarsu ɗaya ce: su bi abinci daga wannan jiki zuwa wancan. Shi ya sa dabbar da ke cin komai, take shiga ko'ina, daga masai zuwa bola zuwa sito, ta zama motar haya a gare su.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. Akwai wata 'yar tsila ta ɓera. Ƙwanta na fita a kashinsa, ƙwaron gari ya ci, mutum ya haɗiye ƙwaron a cikin garin da ba a dafa ba. Yawanci yara take kamawa, ta sa ciwon ciki da zawo, magani kuma na korar ta. Rariyar Gwaggo ke nan.

Na biyu shi ne wanda nake so mata masu juna biyu su matso kusa da rediyo. Sunansa Tokzoplazma, mu ce Tokso don sauƙi. Ba tsutsa ba ce, halitta ce da ido ba ya gani. A nahiyarmu aka fara gano ta, a birnin Tunis a 1908, a jikin wata 'yar dabba mai kama da ɓera. Sai wajen 1970 aka gane cewa a hanjin kyanwa kaɗai take aure ta yi ƙwai. Kyanwa ta kama ɓera mai ɗauke da ita ta ci, bayan 'yan kwanaki ta fara zubar da ƙwai miliyoyi a kashinta, na tsawon mako ɗaya zuwa uku. Ƙwan nan ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa sannan ya nuna. Daga nan kuma yana iya yin watanni a ƙasa mai laima yana jira. Akuya ta kiwata a wurin, ko tunkiya, ko kaza ta yi tsattsaga, ko alade ya yi tono, sai abin ya shige cikin tsokarsu ya kwanta. Wani ɓeran ma ya ci, zagaye ya koma farko.

Ga wani abin mamaki da masana suka gani a ɗakin gwaji. Ɓeran da Tokso ta shiga kansa yakan rage tsoron warin fitsarin kyanwa. Wurin da lafiyayyen ɓera zai guje wa, shi sai ya nufa. Wato fasinja ne ya karɓe sitiyari ya tuƙa motar zuwa tashar da yake so.

Mutum kuwa ta hanya biyu yake samu. Ko ya ci naman da bai dahu ba, tsiren da aka ɗauke daga wuta da gaggawa don layi ya yi tsawo, ko balangun da cikinsa ke da ja. Ko kuma ƙasar da kyanwa ta yi kashi ta kai bakinsa: latas da kabeji da karas na lambun bakin kogi da aka ɗauraye sama-sama, yashin gini da aka jibge a tsakar gida, wanda da rana filin wasan yara ne, da dare kuma bayan gidan kyanwa. Mafi yawan mutane ba za su ma san sun kamu ba, iyaka ɗan zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Amma macen da ta kamu karon farko tana da ciki, abin na iya ratsawa ya kai ga ɗan tayi. Daga nan ake samun ɓari, ko jaririn da kansa ya tara ruwa ya kumbura, ko yaron da zai taso lafiya ƙalau sai yana makaranta ido ya fara lalacewa. Haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ɗauke da cuta mai karya garkuwa da ya daina shan magani, Tokso ɗin da ta yi shekaru tana barci na iya farkawa a ƙwaƙwalwarsa.

Na san abin da wani ke cewa yanzu: gobe zan kori magen gidan nan. Kada ka yi. Ka kore ta, ka naɗa wa ɓera rawani. Shafa bayan kyanwa ba ya ba da cutar, kashinta ne. A kwashe shi kullum tun bai kwana ba, kuma ba mai ciki ce za ta kwashe ba. Maigida, wannan aikinka ne, ko ka sa babban yaro. A rufe yashi da leda ko tsohon kwano.

(Kiɗa)

Yanzu bari mu shiga inda wasu za su so su murɗa rediyo su canza tasha. Zancen alade. Romi unguwa ce da ta tara jama'a, akwai mai kiwonsa, akwai mai cinsa, akwai wanda addininsa ya hana shi ko taɓawa. Ina roƙon na ukun nan da ya fi kowa kasa kunne, zai ji dalili nan gaba kaɗan.

A 1835, a wani asibiti a Landan, wani ɗalibin likita mai suna James Paget yana duba gawa, ya ga waɗansu ɗigo-ɗigo kamar yashi a cikin tsoka. Da ya sa madubin ƙara girma sai ya ga 'yar tsutsa ce a naɗe kamar gammo. Ita ce Tirikinela. Ba ta da ƙwan da ke fita waje, hanyarta ɗaya tak: nama ya ci nama. Ɓera ya ci mushe, alade ya ci mataccen ɓera ko ragowar ɗanyen nama daga bola, mutum ya ci aladen. A daji kuma gadu da aladen daji da kura da dila suna ta miƙa wa juna. An taɓa samun mutanen da suka kwanta a Kenya da Senegal bayan cin naman irin waɗannan aladun daji. Idan mutum ya ci, kwana ɗaya ko biyu sai ciki ya murɗa, zawo, amai. Ya lafa, a manta. Bayan mako biyu zuwa takwas sai zazzaɓi, fatar ido ta kumbura, tsoka ta yi ciwo kamar an yi wa mutum dukan kawo wuƙa, har tauna da numfashi su yi wuya. A nan garin me za a ce? Maleriya da taifot. A sha maganin maleriya, a ƙara da allurar taifot, a sake komawa kemis. Abin da zai fallasa ta shi ne a ga mutum huɗu ko biyar da suka ci nama ɗaya sun kwanta tare da alamu iri ɗaya. In haka ta faru, ku je asibiti ku faɗa wa likita abin da kuka ci da ranar da kuka ci. Kada ku ji kunya. Maganinta ya fi aiki tun tsutsar ba ta gama shiga tsoka ba.

Sai babbarsu. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka jera 'yan ci-ma-zaunen da ake samu ta abinci bisa girman ɓarnarsu. Tokso ta zo ta huɗu, Tirikinela ta bakwai. Ta ɗaya ita ce tsilar alade. Wannan kam ba ruwan ɓera a cikinta, kada mu ɗora masa laifin da bai yi ba. Tsakanin mutum ne da aladen da aka saki yana yawo. Mutum ya yi bayan gida a fili, alade ya ci, ƙwan tsila ya fashe a cikinsa ya zama 'yan farare-farare kamar ƙwayar shinkafa a tsoka da ƙarƙashin harshe. Shi ya sa gwanayen fatake a kasuwar aladu, irin ta Katsit kusa da Kafanchan, sukan buɗe bakin dabba su duba harshe kafin su yi tayi. Wanda ya ci irin wannan nama bai dahu ba, tsila za ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita biyu ko uku, kowace gaɓa da ta yanke ta fita tana ɗauke da dubban ƙwai.

To ga inda na ce wanda ba ya cin alade ya saurara. Tsilar da ke hanji ba ita ce babbar musiba ba. Musibar ita ce ƙwanta. Idan mai ɗauke da tsilar ya fito daga masai bai wanke hannu da sabulu ba, ya yanka maka kankana, ko ya dama maka kunu, ko kashinsa ya bi ruwan sama ya shiga lambu ko rijiya, kai da ka haɗiye ƙwan ka zama a madadin aladen. 'Yan fararen nan a jikinka za su fito, kuma suna son ƙwaƙwalwa. Su yi shekaru shiru, wata rana babban mutum da bai taɓa faɗuwa ba ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da wannan tsila ta yi katutu, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi. A farkon shekarun 1990 an samu wannan cuta a waɗansu iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, mutanen da naman alade bai taɓa shiga gidansu ba. Da aka bi sawu, sai zargi ya faɗa kan masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsilar take. Hannu ne ya kawo, ba tukunya ba.

Saboda haka ni a ganina, aladen da ke yawo a bakin Kogin Romi ba matsalar mai shi kaɗai ba ce, kuma masan da ya rushe a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ba matsalar 'yan hayar kaɗai ba ce. Kuma wanda ya fara faɗuwa da girmansa, kafin a ce iska ce ko jifa, a kai shi a duba kansa. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Barnawa, ga Gwamna Awan a Kakuri, ga Barau Dikko a cikin gari. In ya faɗi a gabanku, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya ba kowa farfaɗiya. Abu ɗaya kuma: mai irin wannan faɗuwa kada ya sayi maganin tsila a kemis ya sha da kansa, don in akwai 'yan fararen nan a ƙwaƙwalwa, maganin na iya tayar da kumburi. Sai likita ya gani.

(Kiɗa, gajere)

Rani na shigowa, kun san abin da ke biyo baya. Yara su cinna wa ciyawar bakin rafi wuta, su tsaya da sanduna da karnuka suna jiran gafiya da gyazbi. A babbake, a tsire a kara, a ɗora a wutar kara mai ci bal-bal ta mutu nan da nan. Waje ya ƙone ƙurmus, kusa da ƙashi jini na nan. Ga hannun da ya feɗe, ko ruwa bai gani ba, shi ne ke yagar nama. Ba zan ce wa mutumin da kilon naman shanu ya fi ƙarfin aljihunsa kada ya ci naman daji ba, ya ji ni ma ba zai bi ba. Abin da zan ce shi ne a kai shi gida a sa a tukunya. Masana na cewa zafin tsakiyar nama ya kai digiri 71. Ba mu da ma'auni a madafa, amma muna da wuƙa: a tsaga inda ya fi kauri, gefen ƙashi, in da ja ko ruwan da ke fita bai yi fari ba, a mayar. Banda ba dahuwa ba ce. Shanya a rana, da gishiri, da yaji, duk ba su da tabbacin kashe Tirikinela. Masu cewa in an kora da burkutu ko ogogoro komai ya mutu, tsutsar da ta jure ruwan cikin kura ba kofin burkutu ne zai ba ta tsoro ba. Firji ma kada a dogara da shi, irin ta namun daji akwai mai jure ƙanƙara, balle firjinmu da wuta ke zuwa masa ziyara.

Masu cin katantanwa, ku ma da naku. Akwai tsutsar huhun ɓera, wadda aka fara bayyanawa a kudancin Sin a 1935, ta bi ɓerayen jiragen ruwa ta kai har tsibiran Hawaii. Daga kashin ɓera take shiga dodon koɗi, daga shi ta shiga mutum ta nufi kai. A dafa sosai, a wanke hannu da wuƙa, a kuma duba ganye ɗaya-ɗaya.

Masu shagon hatsi da masu injin niƙa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhu a ƙasa, jingine da bango, gayyata ce. A ɗora a kan katako, a bar rata da bango, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da duk abin da ba zai sake ganin wuta ba a zuba a durom ko bokiti mai murfi. Masu shanya gari da masara a gefen kwalta su kwana a can, kun san wanda ke gadinsu da dare. In kuma kun sa guba ko tarko ya kama, mataccen ɓeran nan kada a wurga shi bayan katanga. Bayan katangarka gaban aladen wani ne, ko magen wani, ko kajinka. A ɗauka da leda ko shebur, a haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

Gwaggota ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta. Siton nata yana nan, wani ɗan'uwanmu ya mayar da shi shago. Na leƙa a watan jiya, na ga ya sayi manyan robobi masu murfi, na yaba masa. Ya ce ba don tsoron cuta ba ne, ɓerayen ne suka cinye masa rabin katan ɗin taliya.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da malamin dabbobi da duba-gari, mu tambaye su wa ke duba naman da ake yankawa a bayan gida, wanda bai taɓa bi ta mayanka ba. Ku tanadi tambayoyinku. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)